Inda Agogo Ke Tsayawa: Wane Tsarin Tseren Dogon Zango Ya Dace Da Dokinka?

A tseren dogon zango, wanda ya riga isowa ba lallai ne ya riga tashi ba. A ce mahaya biyu ne suka nufo shingen likitoci, wato wurin da likitocin dabbobi ke duba dawakai a tsakiyar tsere, bayan sun ci kilomita 30. Na farko ya shigo a sukwane, dokinsa na huci, kumfa har ƙirji. Na biyu ya iso bayansa da minti 4, a ƙasa ma yake, ya sassauta majayi yana jan dokin da ragama. Minti 2 da isowarsa aka saurari zuciyar dokinsa, aka tarar ta sauko, aka rubuta masa lokaci. Na farkon kuwa ana ta kwarara wa nasa ruwa, sai da aka ci minti 11 kafin bugun ya kai inda ake so. Hutun dole da aka yanka wa kowa ɗaya ne, a ce minti 40, amma ba ya fara ƙirguwa sai zuciya ta sauko. Wanda ya zo a baya shi zai fita gaba, da ratar minti 5 cur.

Wannan ita ce dabarar da aka gina wasan a kanta: an ɗaura agogon mahayi a zuciyar dokinsa. Sai dai ba kowace ƙungiya ce ta yi ɗaurin iri ɗaya ba, kuma mai shirin shiga harkar zai tarar da hanyoyi uku a gabansa. Akwai tsarin FEI, hukumar wasannin dawakai ta duniya mai hedikwata a Lozan ta ƙasar Suwizalan, wadda ta karɓi wannan tsere cikin wasanninta a 1982. Akwai tsarin AERC, ƙungiyar da mahayan Amurka suka kafa a 1972. Sannan akwai tafiye-tafiyen da ake ƙayyade wa gudu, irin waɗanda ake yi a Faransa da Birtaniya, da ɗan'uwansu gajeren zango na Amurka. Kowanne da irin dokin da yake nema, da irin mahayin da yake haifarwa.

Abin da likita ke nema

Kafin a zo ga bambanci, a fara da abin da ya haɗa su. Ko ina ka je, hannun likitan dabbobi kusan wurare ɗaya yake bi a jikin doki, kuma galibi a matakai uku: kafin tashi, a tsakiyar tafiya, da bayan an gama.

Zuciya ce farko. Dokin da ke hutawa lafiya bugunsa na kaiwa tsakanin 28 da 44 a minti ɗaya. In yana aiki ya haura 100 nesa ba kusa ba, kuma wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne saurin saukowa in an tsaya. Dokin da ya horu, bai kuma jigata ba, cikin 'yan mintuna zai dawo ƙasa da 64. Wanda ya maƙale a 70 yana ƙin saukowa, akwai abin da ke cinsa: zafi ne, ko ƙarancin ruwa, ko wani ciwo da bai riga ya fito fili ba.

Daga nan likita zai ɗaga leɓen doki ya duba dasashi. Ana so a gan shi da danshi da ɗan ja-ja mai haske. Zai danna da yatsa har wurin ya yi fari, ya saki, ya ƙirga: jini ya kamata ya dawo kafin daƙiƙa 2. Zai tsunkuli fatar kafaɗa ya ga ko za ta koma nan take ko za ta tsaya cirko-cirko. Zai toshe jijiyar wuya ya ga saurin cikarta. Sannan ya ɗora abin sauraro a kwiɓi, sama da ƙasa, dama da hagu, yana neman kukan hanji. Wannan na ƙarshe shi ne wanda sababbin mahaya suka fi rainawa, alhali shi ya fi ba tsofaffin hannu tsoro. In doki ya daɗe yana aiki, jiki kan janye jini daga hanji ya tura wa tsoka da fata. Cikin da ya yi tsit alama ce ta cewa ciwon ciki na tafe, kuma shi ne babban abin da ke kayar da dawakan wannan tsere bayan an riga an sauke sirdi.

Dalilin duk wannan bin diddigi yana cikin gumin doki. A rana mai zafi doki na iya zubar da lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya, kuma guminsa ya fi jininsa gishiri. Mutum in ya yi gumi jininsa ke ƙara gishiri, ƙishi ya kama shi, ya nemi ruwa. Doki kuwa gishirin da ruwan tare suke fita, sai ka ga jikinsa ya bushe amma an kai shi bakin ruwa ya kau da kai. In abin ya yi nisa, wani dokin kwiɓinsa kan riƙa harbawa daidai da bugun zuciya kamar mai shaƙuwa. Wani tsokar cinyarsa ce ke ɗaurewa ta yi tauri, fitsarinsa ya yi duhu. Ko wanne aka gani, tafiya ta ƙare.

Sai duban baya da wurin majayi da gefen baki, ko sirdi ko linzami sun yi miki. Daga ƙarshe a sa a ja dokin ya yi sassarfa, ya je ya dawo, ba sirdi a bayansa, likita na kallon ko zai yi ɗingishi. Ɗingishi shi ne dalilin da ya fi kowanne yawan fitar da dawakai daga tsere. A nan ne kuma ake haɗa gwajin da likita Kerry Ridgway ya yi suna da shi: a ɗauki bugun zuciya, a sa doki sassarfa ta kusan mita 80, a sake ɗauka bayan minti ɗaya da fara sassarfar. In na biyun ya yi daidai da na farko ko ya gaza shi, madalla. In ya ɗara da yawa, to saukowar farko ta yaudara ce, ruwan sanyi ne ya danne ta na ɗan lokaci.

Kalmar da ake yanke hukunci da ita ɗaya ce a ko ina: shin dokin nan zai iya ci gaba? Ko a ƙarshen kilomita 160 tambayar ke nan. Kana iya tsallake layi kai ne na ɗaya, likita ya ce dokin na ɗingishi, ka koma gida kamar ba ka zo ba.

Minti 15 ko minti 30

Bambanci na farko mai nauyi shi ne tsawon lokacin da ake ba zuciya. A dokokin FEI da suka fara aiki a 2020, dole a gabatar da doki ga likita da bugun da bai wuce 64 ba cikin minti 15 da kammala kowane zango, a zangon ƙarshe kuma cikin minti 20. A tsakiyar tsere, in ka gabatar aka tarar bugun bai sauko ba, kana da damar sake gwadawa sau ɗaya matuƙar lokacin bai cika ba. A ƙarshe babu wannan alfarma. Shiga ɗaya ce.

A AERC babban likitan ranar ne ke yanka adadin, galibi 60 ko 64 gwargwadon zafi da yanayin hanya, kuma doki na da minti 30 ya kai shi. A ido sai a ce na FEI ya fi tsanani, saboda haka ya fi kare doki. Ni ban ɗauki maganar da sauƙi haka ba. Gajeren lokaci na tilasta wa mahayi ya rage gudu, gaskiya ne, amma yana kuma fifita mai tarin ma'aikata. A manyan tseren FEI, doki na tsayawa mutane za su yanyame shi, wani ya zare sirdi, wasu na juye bokitan ruwan ƙanƙara, cikin minti 2 an shiga da shi. Mahayin da ya zo shi da ɗan'uwansa ɗaya da soso ba zai yi wannan ba, ko da dokinsa bai gaza nasu ba. FEI ta taƙaita yawan masu hidimar kowane doki saboda haka, amma har yanzu tsari ne da ke son ƙungiya. A AERC kuwa ba abin mamaki ba ne mutum ya zo shi kaɗai, ya kwana kusa da dokinsa, ya yi wa kansa komai.

Layin ƙarshe

A nan ne hanya ta uku ta rabu da sauran biyun, kuma a ganina nan ne zaɓin sabon shiga ya kamata ya rataya.

A tseren FEI, da tseren AERC na mil 50 zuwa sama, agogo na tsayawa ne da zarar an tsallake layi. Duban likita na biyo baya. Wato a zangon ƙarshe an kwance ɗaurin nan da ke tsakanin agogo da zuciya, mahayi na iya sakin linzami ya yi fatan dokin zai wuce duba. Mai hankali ya san iyakar abin hawansa. Wanda zuciya ta ɗebe shi kuwa, a nan yake yin ɓarna.

A gajeren zango na AERC, mil 25 zuwa 35, ba haka ba ne. Ba a rubuta maka lokacin gamawa sai bugun dokinka ya sauko 60, kuma cikin minti 30 da isowa. Sukuwa zuwa layi ba ta da wani amfani, hasara ce ma. A Faransa, ƙananan matakai na kilomita 20 zuwa 60 ana yi musu iyakar gudu sama da ƙasa, sannan a fitar da gwani ta lissafin da ke haɗa gudu da bugun zuciyar ƙarshe: gudu na ƙara maki, bugu mai yawa na rage shi. A Birtaniya ma akwai tafiyar da ake ba da daraja maimakon matsayi, inda sabon doki ke tafiya tsakanin kilomita 8 da 15 a awa, darajarsa kuma ta dogara da gudun da ya yi da bugun da ya gama da shi. A irin wannan tsari ba ka tsere da kowa. Abin da kake koya shi ne auna tafiya, wato sanin yadda kilomita 12 a awa take a jikinka ba tare da ka dubi agogo ba. Wanda bai iya wannan ba, ko an ba shi dokin da ya fi kowanne ba zai kai shi kilomita 160 ba.

Wa ake bari ya shiga

AERC ƙofarta a buɗe take. Kowane irin doki, har alfadari, na iya shiga, in dai ya cika wata 48 don gajeren zango, ko wata 60 don mil 50. Ana ba da awa 6 ga mil 25, awa 12 ga mil 50, awa 24 ga mil 100, da hutun dole a ciki. Ba a tambayarka takardar matakan da ka hau. Wannan 'yanci ne, kuma haɗari ne: ba abin da zai hana marar ƙwarewa ya fara da mil 50 sai hankalinsa da idon likita.

FEI kuwa tsani ce, ba a tsallake matakala. Kafin doki ko mahayi ya taka tseren tauraro ɗaya, sai ya kammala tafiye-tafiyen share fage guda 4, biyu gajeru biyu masu kai kilomita 80, ba tare da ya wuce kilomita 16 a awa ba. Daga nan tauraro ɗaya ya fara daga kilomita 100, tauraro biyu daga 120, tauraro uku daga 140 zuwa 160 a yini guda. Shekarun doki ma na hawa da matakin: 6, 7, 8. Ga fasfo na doki, ga rajista, ga allurar rigakafin mura da dole a ga shaidarta. Ba a hawa da bulala, ba a sa ƙaimi, hular kwano kuma wajibi ce ga kowa.

Abin lura shi ne, matakin share fagen FEI shi kansa tafiya ce mai ƙayyadadden gudu. Ko mai burin gasar duniya ta hanya ta uku zai fara, ya so ko ya ƙi.

Maganar nauyi gajeruwa ce. FEI na da mafi ƙarancin nauyi, kilo 75 na mahayi da sirdinsa a manyan gasannin manya, marar nauyi sai ya ƙara da dalma ko shimfiɗa mai nauyi. AERC ba ta ƙara wa kowa kaya, sai ta raba mahaya rukuni-rukuni gwargwadon nauyinsu.

Hutu tsakanin tsere, da mai yanke hukunci

Inda FEI ta yi abin a yaba ba tare da ja-in-ja ba shi ne hutun dole bayan tsere. Dokin da ya yi tafiya sai ya zauna wasu kwanaki kafin a sake shigar da shi: daga kwana 5 ga mafi gajerar tafiya, har kwana 33 ga wanda ya wuce kilomita 146. In ya yi gudu fiye da kilomita 20 a awa a ƙara masa mako guda. In ana ta cire shi saboda ɗingishi a kai a kai, hutun ya koma na watanni. A AERC wannan nauyi a wuyan mai doki yake, har ma akwai tafiyar kwanaki a jere inda doki ɗaya ke cin mil 50 kowace rana, likita na duba shi kowace safiya da yamma.

Haka ma wajen hukuncin ɗingishi. A FEI, in likita ya yi shakka, sai a kira uku su kalli sassarfar tare, kowa ya jefa ƙuri'arsa a asirce ba tare da shawara da ɗan'uwansa ba, rinjaye ya yi aiki. A AERC maganar likitan ranar ita ce ta ƙarshe. Kan magani kuwa duka biyun ba sa wasa: maganin kashe zafi da zai ɓoye ciwo haramun ne, tunda duban likita ba shi da ma'ana in dokin ba ya jin ƙafarsa.

Mai tambaya zai ce, me ya sa littafin FEI ya yi kauri haka? Saboda an sha wuya ne. Da wasan ya bunƙasa a ƙasashen Gulf, aka koma yin sa a kan shararrun hanyoyin hamada, motoci na bin dawakai a gefe, gudu ya haura kilomita 25 a awa a tafiyar da ta wuce kilomita 100. Karayar ƙafa da amfani da haramtattun magunguna suka yawaita. A watan Maris na 2015 FEI ta dakatar da hukumar dawakan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na wasu watanni. A 2018 kuma, a gasar dawakai ta duniya da aka yi a Tryon ta Amurka, an yi kuskuren tura wasu mahaya wata hanya tun da asuba, daga baya zafi da damshin iska suka sa aka soke tseren gaba ɗaya. Bayan nan ne aka kafa kwamitin da ya haifar da dokokin 2020. Kaurin littafi, ke nan, ba shaidar cewa dawakai sun fi zama lafiya a can ba ne. Shaida ce ta irin matsin da gasar ke ɗora musu.

Tsarin Amurka ya taso daga wani tushe dabam. A 1955 Wendell Robie ya hau doki daga yankin tafkin Tahoe zuwa garin Auburn a Kalifoniya, mil 100 ta kan duwatsun Sierra Nevada cikin yini guda, don ya nuna cewa dawakan zamani ba su gaza na da ba. Wannan tafiya ce ta zama Kofin Tevis. Kusan rabin masu tashi ne ke gamawa, kuma dutsen da kansa ke hana gudu: inda hanya ta rataye a gefen kwazazzabo ba mai gaya maka ka ja linzami. A can za ka ga mahayi ya sauka ya kama jelar dokinsa yana bin sa a baya wajen hawan tudu, don ya rage masa kaya. Taken AERC ma cewa yake gamawa ita ce nasara. Washegarin Tevis akan fito da dawakai 10 na farko a sake duba su, a ba wanda ya fi koshin lafiya Kofin Haggin, kuma mahaya da yawa sun fi kwaɗayin wannan a kan na zuwa na ɗaya. AERC na tara wa kowane doki jimillar milolin da ya yi a rayuwarsa, tana kuma karrama mahayi da dokin da suka yi shekara 10 tare suna kammala mil 50. Ba wai ba a samun ganganci a can ba, ana samu. Amma abin da ake tafa wa mutum a kai ya bambanta.

To wanne za ka ɗauka?

In dokinka ɗaya ne, kana kuma so ku tsufa tare, tsarin AERC ko makamancinsa na cikin gida ya fi dacewa da kai. Kuɗinsa da takardunsa sun fi sauƙi, ba ya buƙatar runduna, kuma ba zai raina ka don ka gama a na 30 ba. Sharaɗin shi ne ka ɗora wa kanka dokar da bai ɗora maka ba. Jadawalin hutun FEI abin aro ne mai kyau, ko da ba ka taɓa yin rajista da su ba.

In burinka ka wakilci ƙasarka, babu wata ƙofa sai ta FEI, ita ke shirya gasar duniya tun ta farko a Italiya a 1986. Ka shirya wa shekaru, ba watanni ba. Ka nemi dokin da zuciyarsa ke saukowa da wuri bisa halitta, wanda shi ne dalilin da ya sa dokin Larabawa da jinsinsa suka mamaye fagen: jiki marar nauyi, fata siririya, zafi na fita da sauri. Doki mai kauri da tarin tsoka na iya gama mil 50 lafiya lau cikin minti 30 na AERC, amma minti 15 na FEI a rana mai zafi linzami ne da ya fi ƙarfin bakinsa.

In kuwa kai ko dokin ko ku duka sababbi ne, kada ka yi dogon tunani. Ka fara da mai ƙayyadadden gudu ko gajeren zango, ka yi kaka guda a nan. Wasu na yi masa kallon wasan yara, har a Amurka an daɗe ana gardamar ko ya cancanci a kira shi tseren juriya. Bar su da gardamarsu. Shi ne kaɗai tsarin da dokarsa ke hukunta gaggawa har zuwa taku na ƙarshe, kuma a cikinsa ne doki ke koyon shan ruwa a duk inda ya same shi, da cin ciyawa a lokacin hutu ana hayaniya kewaye da shi, da tsayawa cik baƙo na taɓa masa baki da ciki.

Kafin ka cika kowace takarda, akwai gwajin da za ka iya yi a gida. Ka sayi abin sauraron ƙirji, ka koyi ɗora shi a ƙirjin dokin, bayan gindin ƙafar gaba ta hagu, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4. Ka san bugun dokinka na hutu tukuna. Sannan ka fita da shi kilomita 15 zuwa 20, yawanci a sassarfa, ka sauka, ka zare sirdi, ka riƙa ɗauka kowane minti 2 kana rubutawa. Ka biyo da gwajin Ridgway. In cikin minti 10 ya sauko ƙasa da 60, bugun bayan sassarfa bai ɗara na farko ba, hanjinsa na kuka, ya kuma sunkuya ya nemi ciyawa, to ya isa shiga kilomita 40. In minti 20 sun wuce yana nan a 68, ka rage gudu a horon mako mai zuwa, ka sake aunawa.